Mu faɗaɗa rumbun ne, ko mu fara da kwamitoci?

Hadiza (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga maganar da muka ɗage tun zaman da ya wuce. Rumbun bayananmu a yanzu 'yan majalisar ƙasa kaɗai ke ciki: suna, jam'iyya, mazaɓa, sai imel ga wanda muka samu nasa. Wasu na so mu ƙara kwamitocin majalisa da mambobinsu. Wasu na so mu shigo da ɓangaren zartarwa, wato ministoci, manyan sakatarori, daraktoci da shugabannin hukumomi. Akwai kuma masu cewa mu sauka har majalisun jihohi. Kun dai san hannunmu bai da yawa, kowa aikin sa kai yake yi. A faɗi ra'ayi, amma don Allah a haɗa da dalili.

Malam Bashir:
Wa'alaikumus salam. Ni ban ga abin zaɓe a nan ba, duka mu ɗauka. Wanda ya zo neman inda zai kai koke a kan asibitin da ba magani ko makarantar da rufinta ya yaye, ina ruwansa da cewa mu 'yan majalisar ƙasa kaɗai muka tattara? Galibin abin da ke damun mutane ma a can ƙasa ake yanke shi. In ya buɗe rumbu bai ga wanda yake nema ba, shi ke nan, mun rasa shi.

Nura:
Malam, kafin a ƙara ko suna ɗaya ina roƙon a duba yadda aka gina abin. Yanzu takardar Excel ɗaya ce, kowane mutum layi ɗaya. In ɗan majalisa ya sauya sheƙa, sai wani ya shiga ya goge tsohuwar jam'iyyar ya rubuta sabuwa. Tarihi ya tafi ke nan. In muka ɗora kwamitoci a kan wannan tsari, mutum ɗaya yana cikin kwamiti biyar ko shida, a ina za mu cusa su? Gurbi ɗaya da waƙafi a tsakani? Ranar da aka ce a fito da duk mambobin kwamitin lafiya sai mun bi layi-layi da ido.

Akwai tsarin da masu irin aikinmu suka daɗe suna amfani da shi, sunansa Popolo. Abin da ya ce a taƙaice: a raba mutum daban, hukuma ko kwamiti daban, kujera daban, sannan a yi jadawali na huɗu wanda ke ɗaure su, mai cewa wane ya riƙe wace kujera a wane kwamiti, daga yaushe zuwa yaushe.

Anti Rabi:
Nura ɗana, sauko da mu ƙasa. Mu da muka saba da fayil da biro, me wannan zai canja mana?

Nura:
To Anti, ga misali. A watan Mayun 2001 Majalisar Dattawan Amurka tana kunnen doki, 50 da 50. Sai sanata ɗaya, Jim Jeffords, ya fice daga jam'iyyar Republican. Rinjaye ya koma hannun Democrat, kuma cikin makonni shugabannin kwamitoci suka canja. Mutanen dai su ne, mazaɓunsu ba su motsa ba, amma duk wanda ke da takarda irin tamu sai ya goge ya sake rubutawa. Da tsarin da nake faɗa ba a goge komai. A sa ranar ƙarewa a tsohon layi, a buɗe sabo. Bayan shekara uku in aka tambaye ki wa ke shugabantar kwamiti lokacin da aka binne ƙudirin kaza, amsa tana nan.

Anti Rabi:
Yauwa, yanzu na gane, kuma na goyi baya. Tunda an ba ni fili bari in faɗi nawa, ku yi haƙuri da tsawo.

Ni kwamitoci nake so mu fara da su. Zauren majalisa da ake nunawa a talabijin, mafi yawan abin da ake yi a ciki an riga an dafa shi a wani ɗaki. Ƙudiri in ya tsallake karatu na biyu kwamiti ake miƙa wa. A can ake zaman jin ra'ayin jama'a, a can ake cire sakin layi a sa wani, a can kuma ake ajiye shi a durowa har wa'adin majalisa ya ƙare ba wanda ya ce uffan. Lokacin kasafin kuɗi ma gaban kwamiti ma'aikatu ke zuwa su kare abin da suka nema. Kai da ke fafutukar a ƙara kuɗin rigakafi, aika wa 'yan majalisa ɗari uku wasiƙa iri ɗaya ɓata tawada ne. Mutum ashirin ɗin da ke kwamitin lafiya da na kasafi su za ka sani.

Sannan akwai wanda duk kuka manta: akawun kwamiti. Shi ma'aikacin majalisa ne, ba zaɓarsa aka yi ba. Shugaba ya zo ya tafi, shi yana nan. Duk wanda ya taɓa kai takardar matsaya ya san yadda abin yake. Ka shiga wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, fayiloli jibge har kan kujerar baƙi, ka miƙa kwafe-kwafenka, ya buga hatimin karɓa a kan naka, ya rubuta kwanan wata. Shi zai gaya maka an ɗage zaman zuwa wani mako tun kafin sanarwa ta fito, shi ke jera sunayen waɗanda za a ba dama su yi magana. Na taɓa ganin wata ƙungiya ta kwana tana shirya takarda mai kyau, suka rubuta ta da sunan shugaban kwamitin da aka sauya tun watanni, ba ta ko shiga fayil ɗin zaman ba. Da sun leƙa ofishin akawu da sun ji.

Malam Bashir:
Hajiya, ba na musu da ke a kan kwamiti. Abin da nake cewa, me ya hana mu yi wannan mu yi wancan? Tattara suna ai ba wuya. Mako biyu in muka zage, mun gama majalisun jihohi.

Nura:
Tattarawa ba wuya Malam, riƙewa ce wuyar. Ƙungiyar mySociety ta Birtaniya, masu shafin TheyWorkForYou da ke bibiyar ayyukan 'yan majalisar ƙasarsu, sun ƙaddamar da EveryPolitician a 2015 da niyyar tattara 'yan majalisar kowace ƙasa a duniya. Sun kai ƙasashe da yankuna 233. A 2019 suka sanar da dakatar da aikin, don babu kuɗin ci gaba da ɗawainiyarsa. Waɗannan fa ƙwararru ne masu albashi, da manhajojin da ke kwaso bayanai daga shafukan majalisu da kansu. Mu nawa ne?

Ka ɗauki Najeriya kaɗai a matsayin ma'auni. Sanatoci 109, wakilai 360. Ka ƙara majalisun jihohi 36, kowacce da nata kwamitocin. Kowane wata sai an samu wanda ya rasu, wanda kotu ta soke zaɓensa, wanda ya sauya sheƙa, wanda aka ba minista ya bar kujera, ga zaɓen cike gurbi. Ranar da muka gama shigarwa, ranar bayanan za su fara tsufa.

Malam Bashir:
To ai ka kawo maganin da kanka ba ka sani ba. Su mySociety ɗin ba Wikidata suka karkata ba, rumbun nan na intanet da kowa ke iya shiga ya gyara? Mu zuba namu a can, duniya ta taya mu gyara.

Nura:
Wikidata tana da amfani sosai, kuma ina so mu ɗaura da ita. Kowane mutum tana ba shi lamba mai farawa da Q, kuma tana da gurbin muƙamin da mutum ya riƙe, da ranar farawa da ta ƙarewa. Bayananta kyauta ne, ba takunkumin haƙƙin mallaka. Amma "duniya" da kake faɗa mutane ne masu sa kai irinmu, kuma sun fi yawa a inda suka fi yawa. Shugaban ƙasa ya sauka, cikin minti biyar an gyara. Mataimakin shugaban kwamitin albarkatun ruwa na wata majalisar jiha fa? In ba mu muka gyara ba, zai shekara a haka.

Sadiq:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar lambar waya. Wallahi imel ɗin da ke rumbunmu rabi ba sa aiki, ka aika ya dawo maka. Waɗanda ke aiki ma ba mai buɗewa. Ku dubi Kenya a watan Yunin 2024. Matasa suka yaɗa lambobin 'yan majalisa a kan ƙudirin haraji, saƙonni suka yi ta sauka har wayoyi suka kasa ɗauka. Ƙarshe Shugaba Ruto ya ce ba zai sa hannu ba. In muna so a ji mu, mu sa lambobinsu na hannu. Ai mu muka zaɓe su.

Barista:
Sadiq ƙanena, ka faɗi rabin labarin. Ruto ya janye ne ranar 26 ga Yuni, kwana ɗaya bayan masu zanga-zanga sun kutsa harabar majalisa an kuma rasa rayuka. Ba za ka iya cewa saƙon waya ne ya yi aikin ba. Sannan a cikin wannan watan ofishin kwamishinar kare bayanai ta Kenya ya fito ya gargaɗi masu yaɗa lambobin mutane ba da izininsu ba.

Dokokin nan sun yaɗu. Tarayyar Turai tana da dokar kare bayanai ta GDPR tun Mayun 2018, Kenya ta yi tata a 2019, Najeriya a 2023. Abin da ya shafi muƙami, kamar suna, kujera, adireshin ofis, yadda mutum ya yi magana ko ya jefa ƙuri'a a majalisa, wannan na jama'a ne, ba mai hana mu. Lambar da yake magana da iyalinsa, adireshin gidansa, makarantar 'ya'yansa, wannan wani abu ne daban. Kuma batun ya wuce tsoron kotu. An kashe 'yar majalisar Birtaniya Jo Cox a 2016, an kashe takwaranta David Amess a 2021 yana tsaka da ganawa da mutanen mazaɓarsa. Ba na so wata rana a ce daga rumbunmu wani ya samo hanyar gidan wani.

Sadiq:
Barista ni ban ce gida ba. Waya na ce. Kuma da yawansu da kansu suka buga lambar a fastar kamfe.

Barista:
Wadda mutum ya buga da kansa don jama'a su kira shi, a sa, a kuma rubuta inda aka gan ta da ranar. Wadda wani direba ko ɗan uwansa ya ba ka a ɓoye, ka riƙe abarka a wayarka.

Anti Rabi:
Sadiq, ƙari a kan na Barista. Ranar da lamba ta shiga hannun mutum dubu, ranar mai ita zai sayi sabon layi. Ka ƙone hanyar da kai kanka za ka buƙata gobe. Lambar ofishin akawu da ta mai taimaka wa ɗan majalisa kan harkar dokoki sun fi ta shugaban amfani sau da yawa, domin su suna ɗauka.

Sadiq:
Na ji, amma ban gamsu duka ba. Mutumin da ya ɓoye wa waɗanda suka zaɓe shi duk wata hanyar samunsa, mu kuma mu taya shi ɓoyewa? Aƙalla a yi gurbin da zai nuna "imel ɗin nan mun gwada, ba ya aiki". Jama'a su gani.

Hadiza (mai kula da zaure):
Wannan kam shawara ce. Nura, zai yiwu?

Nura:
Zai yiwu, har ma ya dace da abin da nake shirin faɗa. Kowane bayani ya zo da abu biyu: madogara, da ranar da aka tabbatar da shi na ƙarshe. In ya wuce wata shida ba wanda ya sake dubawa, launinsa ya canja da kansa, mai karatu ya san ya tsufa. Gara gurbi ya zauna fanko da a bar tsohon suna yana yaudarar mutane.

Zainab:
Sannunku. Ina ta karantawa ban sa baki ba. Ni ce na shigar da yawancin sunayen da ke ciki yanzu, don haka ga abin da ya fi ba ni wahala. Mutum ɗaya, shafin majalisa ya rubuta Mohammed, hukumar zaɓe ta rubuta Muhammad, jarida ta sa laƙabinsa kawai, wani wuri kuma an fara da sunan mahaifi. In jerin mambobin kwamiti ya fito, sau da yawa hoton takarda ne aka ɗauka a karkace, wani da "Hon." da sunan ƙarshe kaɗai. In akwai mutum uku masu wannan suna fa? Yaya Nura, tsarin naka ya san da wannan?

Nura:
Ya sani Zainab. Kowa zai samu lamba tasa wadda ba ta canjawa, sunaye kuma a jera su duka a ƙarƙashinta. Majalisar Amurka haka take yi, kowane ɗan majalisa tun na farko yana da lambar Bioguide, harafi ɗaya da alƙaluma shida. Masu sa kai da ke kula da jerin 'yan majalisar da kwamitocinsu a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu, da ita suke ɗaure komai. Mu ma mu yi tamu, mu ajiye lambar Wikidata a gefe. Inda kuma ba ki tabbatar wane ne cikin ukun ba, kar ki yi canke, ki bar shi da alamar tambaya.

Barista:
Kwamitocin su ma a ba su lamba, don sunansu ba ya zama. Kwamitin ilimi na Majalisar Wakilan Amurka, in Democrat ke da rinjaye sunansa na ɗauke da "Labor", in Republican suka karɓa su mayar da shi "Workforce". An yi haka a 2019, an juya a 2023. A Birtaniya kwamitocin sa ido suna bin ma'aikatu ne, to da gwamnati ta rarraba ma'aikatar kasuwanci da makamashi a Fabrairun 2023, dole kwamitoci suka bi sahu. Najeriya ta ƙirƙiro ma'aikatar kula da kiwon dabbobi a 2024, abin da da yake ƙarƙashin noma. Mai fafutuka ba sunan kwamiti ya dame shi ba, so yake ya san wa ke da hurumi a kan batunsa yau. Don haka a ƙara gurbin hurumi: wannan kwamiti, waɗanne ma'aikatu da hukumomi yake sa wa ido.

Anti Rabi:
Barista ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ta nan ne ma ɓangaren zartarwa zai shigo ba tare da mun kwaso kowa da kowa ba. In mun ɗauki kwamitin lafiya, sai mu sa ma'aikatar da hukumomin da ke zuwa gabansa, da babban sakatare da daraktan kasafi. Minista kowa ya san shi. Daraktan da ke rubuta takardar da ministan zai karanta, shi ne ba a sani ba.

Malam Bashir:
Wato dai an taru an kayar da ni. To ina da tambaya. Za mu rubuta matsayin kowa? Wane yana tare da mu, wane yana adawa? Don in ba wannan, rumbun littafin adireshi ne kawai.

Barista:
A rubuta abin da ya faɗa ko ya yi, da rana da madogara. "Ya yi magana a kan ƙudirin kaza ranar kaza, ga rahoton zaman." Kar a rubuta "maƙiyin mata ne" ko "an saye shi". Na farko hujja ce, na biyu takardar sammaci ce. Ra'ayinmu a kan wa za a iya shawo kansa, wannan ya zauna a wani fayil na cikin gida, kuma ko shi a rubuta shi kamar wata rana zai fita, don irin waɗannan fayiloli suna fita.

Zainab:
Matsalar ita ce majalisu da yawa da murya suke ƙuri'a. Masu goyon baya su ce e, masu adawa su ce a'a, shugaba ya buga guduma. Ba sunan kowa. Na kwamiti kuwa ko rahoton zaman ba ka gani.

Anti Rabi:
Shi ya sa a Afirka ta Kudu ƙungiyar sa ido kan majalisa mai suna PMG tun 1995 take tura mutane su zauna a zaman kwamitoci su rubuta abin da aka ce, saboda babu cikakken rahoton hukuma da jama'a za su samu. Yau duk mai bin wani ƙudiri a can wurinsu yake zuwa. Ba da na'ura suka fara ba, da mutum da littafin rubutu a kujerar baya suka fara. Mu ba mu da ƙarfin bin duka, amma kwamiti uku ko huɗu da suka shafi aikinmu, za mu iya.

Sadiq:
In sun hana jerin mambobin fa? Wani kwamitin ko a shafin majalisa babu shi.

Barista:
Sai a rubuta a nema a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, inda akwai ta. Ta Najeriya ta 2011 kwana 7 ta ba hukuma ta amsa, ta Indiya ta 2005 kwana 30, ta Birtaniya ranakun aiki 20. Ko ba su amsa a kan lokaci ba, kwafin wasiƙar mai hatimi shi ma abin ajiyewa ne. Amma ka fara da tambayar akawu cikin girmamawa, sau da yawa zai ciro maka daga durowa ba sai an kai ga doka ba.

Malam Bashir:
To ga tayi. Ku yi kwamitocinku. Ni ku ba ni majalisar jiha ɗaya tak in gwada a kan tsarin Nura, in riƙe ta wata shida. In na iya, mu ƙara. In ta gagare ni, na yi shiru.

Nura:
Na yarda, da sharaɗin sunanka zai zauna a kanta a matsayin mai kula. Kowane kwamiti ma haka, mutum ɗaya da za a tambaya in an ga kuskure. Wanda ba shi da mai kula ba za a buɗe shi ba.

Hadiza (mai kula da zaure):
Madalla. Nura zai kawo samfurin jadawalin huɗu mu gani kafin a kwashe komai daga tsohuwar takarda, kuma kar wanda ya taɓa tsohuwar har sai an gama. Anti Rabi ta ɗauki lafiya, Zainab ilimi. Kasafi fa? Shi ne mafi nauyi kuma ba wanda ya ɗaga hannu.

Sadiq:
Ku ba ni kasafi. Amma maganar lambobi ban janye ba, zan sake kawo ta.

Zainab:
Kafin a tashi, kwamitocin wucin gadi fa? Irin wanda ake kafawa don bincike ɗaya, ko na daidaita ƙudiri tsakanin majalisun biyu in kowacce ta zartar da nata daban. Wani bai fi mako uku ba an rushe shi, amma a nan ake yanke kalmomin ƙarshe na doka. Mu sa su ko mu bari?

Anti Rabi:
Na daidaitawa a sa, ko da na kwana biyu ne. Na bincike kuma sai in ya shafi kwamitocin da muka ɗauka. Nura, ka yi musu gurbin ranar rushewa tun yanzu. Sadiq, ka same ni ta akwatin sirri in gaya maka takardun da za ka fara nema kafin a gabatar da kasafi.